Ƙwaryar Baba a Lungun Dam

Duk wanda ka tambaya yanzu abin da ya kashe kasuwar bakin dam ɗinmu, kafin ka rufe baki zai ce maka 'yan bindiga ne. Ban ce ƙarya yake yi ba. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Wurno zuwa Goronyo ta zama abin tsoro, kuma babu mai hankalin da zai kwaso iyalinsa ya hau hanyar da yake shakka don kawai a ci soyayyen kifi. Amma ni a wurin aka yanke mini cibiya, kuma na san ruwan ya riga ya lalace tun ba a fara jin harbi ba. In na faɗi haka sai a riƙa kallona kamar na zagi wani. To, a kalla. Da idona na gani.

Ƙauyenmu yana gefen babban ruwan da madatsar Goronyo ta tara. Akwai wani wuri da ruwan ya kutso cikin ƙasa, tudu biyu suka rungume shi dama da hagu, bakinsa ƙarami, cikinsa faɗi, kamar an kwantar da randa. Lungu muke ce masa. Iska ba ta cika damunsa ba, ga yashi mai laushi, ga inuwar dogon yaro a jere. Ban san wanda ya fara kai labarinsa birni ba, amma tun ina yarinya na tashi na tarar ranar Sallah da kwanakin da ke biye da ita motoci na cika bakin lungun har a rasa inda jaki zai bi. Mai shayi, mai tsire, mai rake, masu ɗaukar hoto, masu ba da hayar tabarma, kowa da abin da yake ci a wurin. Innata tana da rumfa a gindin itacen farko, tana suyar tarwaɗa da karfasa, kuma ko maƙiyinta bai taɓa kushe yajinta ba.

Babana mai fito ne tun asali. Kafin a datse gulbin Rima, shi da mahaifinsa ne ke ƙetarar da mutane da kekuna da buhunan gero ranar kasuwa. Da ruwa ya taru ya shanye mashiginsu, sai ya koma kamun kifi, in ranakun baƙi sun zo kuma ya wanke jirginsa tas, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya riƙa zagayawa da su. Masu jirgi suna da yawa, wasu ma nasu ya fi nasa girma da fenti. Amma in mota ta tsaya, abin da za ka ji mutane na tambaya shi ne, ina tsohon nan mai ƙwarya? Tun bai tsufa ba suke ce masa tsoho.

Ƙwaryar ba wata abin a zo a gani ba ce. Ƙarama ce, ta sha hannu har ta yi ja, tana ɗaure da igiya a ƙarƙashin mazauninsa. In ya kai baƙi tsakiyar lungu sai ya daina tuƙi, ya bar jirgi ya tsaya da kansa. Ya kwance ƙwaryar, ya kore saman ruwa da bayanta, ya nutsa hannu har gwiwar hannu ya ɗebo. Ya yi bisimilla ya fara kurɓa da kansa, sannan ya miƙa wa babban cikinsu da hannu biyu.

"Kun taho garinmu," yake cewa, "ba ku komawa ba ku sha ruwanmu ba."

Ruwan kuwa sanyi ƙalau, garau, kana ganin zanen gindin ƙwaryar ta cikinsa. Baba bai taɓa karɓar ko sisi don wannan ba, kuma da wani zai gwada ba shi da an yi rigima. Ya yi karatun zaure daidai gwargwado, abin da ya riƙe game da ruwa kuma shi ne abin da kowane ɗalibi ya sani: muddin launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa ba su sauya ba, mai tsarki ne, a sha, a yi alwala. Daga gefen jirgi yake alwalarsa. Ban taɓa ganinsa da buta a bakin ruwa ba.

Doka ɗaya gare shi da ba ya karyawa. Ba ya wuce bakin lungu da baƙi. Daga tudun nan biyu zuwa waje babban ruwa ne, iskarsa ba ta sallama, kuma mutumin birni in jirgi ya ɗan karkata tsaye yake miƙewa. Samari sun roƙe shi, sun yi masa ba'a, sun ce tsoro ne. Ya ce su kira shi yadda suka ga dama, amanar iyayensu ce a hannunsa.

Cikin masu zuwa duk ƙaramar Sallah akwai wani Alhaji mai shagon yadi a birni, yana zuwa da iyalinsa cike da bayan a-kori-kura. Yana da 'ya sa'ata, mai wushirya da surutun tsiya. Ita kaɗai ce na sani da ke shan ƙwaryar ta ce a ƙara. Ni a lokacin haushinta nake ji, don tana da takalmi mai igiya ni ba ni da shi, kuma Baba yana mata dariyar da ba ya yi mini.

To, ga inda muka kwana. A wurinmu ba a nuna wa baƙo shara. In ya ci kifi ya watsar da ƙaya da takarda a inda yake zaune, babu mai ce masa uffan. Ko tsintsiya ba a ɗagawa yana wurin, domin share wuri a gaban mutum daidai yake da ce masa ya tashi ya ba mu wuri. Sai sun watse da la'asar sakaliya, mata da yara mu fito, mu share daga gindin itatuwa mu gangaro, mu tura komai cikin ruwa. Haka iyayenmu suka saba tun suna bakin gulbi. A can, abin da ka zuba da yamma, kafin safiya ya doshi Wurno. Kuma me ake zubawa a da? Ganye, ɓawon rake, ƙayar kifi, toka. Abin da ruwa bai tafi da shi ba, kifi ya cinye.

Sai dai lungu ba gulbi ba ne, ruwansa ba ya zuwa ko'ina. Sharar ma ta sauya, mu ne ba mu sauya ba. Leda ta zo, baƙa da fara. Ruwan leda ya zo, kowane yaro ya tsotse ya yar. Robobin lemo, robobin abinci, har da ƙunzugun jarirai na zamani. Samari suka gane cewa wanke babur a bakin ruwa sana'a ce, baƙin mai da kumfar sabulu suka riƙa gangarawa. Masu noman albasa na rani da ke bayan tudu kuma, in sun gama feshi nan suke zuwa ɗauraye tankinsu, don ya fi kusa. Kowa da ɗan kaɗan ɗinsa, kuma kowa in ka yi magana ya nuna maka faɗin dam ya ce wannan ɗan abin me zai yi wa ruwa kamar wannan.

Na yi wa Baba magana sau ɗaya, ina budurwa, bayan wata babbar Sallah da muka share abin da ya kai tudu muka tura. Da safe iska ta dawo mana da shi bakin gaɓa, har da takalmin wani yaro a sama. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, ruwan ga hwa ba shi tahiya. Abin da munka zuba jiya ga shi nan ya dawo."

Ya dube ni ya yi murmushi irin na wanda ya san abin da ba ka sani ba. "Ɗiyata, gulbi na nan ƙasa. Ba ki ganinai ne, amma shina tahiya. Ni na san inda ya bi, cikinai na girma."

Ya yarda da wannan har zuciyarsa. A wurinsa dam riga ce kawai aka sa wa gulbi, gulbin yana ciki yana aikinsa. Wataƙila can tsakiyar babban ruwa gaskiyarsa ce. Amma lungunmu tsohuwar gona ce ruwa ya hau, gulbi bai taɓa bi ta nan ba, kuma Baba ya fi kowa sanin haka, don gonar kawunsa ce. Abin da mutum ya ƙi gani ne kawai. Na bar maganar, don ba a ja da uba, kuma barin nan yana cikin abubuwan da ke ci mini rai.

Fulani ne suka fara guduwa. Akwai wata Bafulatana daga wajen Boyekai da ke kawo wa Inna nono, shanunsu kuma a ƙarshen lungu suke sha tun ina goye. Ta zo wata rana ta sauke ƙwaryarta ta ce daga yau sai dai a haɗu a kasuwa. Saniyarsu ta rame tana ci ba ta ƙiba, da aka yanka ta aka tarar da tumbinta cunkushe da leda, ta dunƙule kamar gammo. Sun mayar da garken wani mashayi mai nisa. Inna ta yi jaje, ta ce Allah ya mayar da alheri, da yamma kuma aka yi shara aka tura ruwa kamar kullum.

Daga nan yaran baƙi suka fara fitowa daga wanka suna susa. Iyaye mata suka hana su shiga. In zafi ya yi, bakin gaɓa ya yi kore, wani wari yana tashi kamar na kwata. Abin da ya fi ƙona wa Inna rai shi ne tambayar da aka fara yi mata. Da can in mai saye ya ce, kifin nan na ruwan nan ne, da fara'a yake tambaya, ita kuma da alfahari take cewa yanzu aka fito da shi yana motsi. Sai ga shi ana yin tambayar da yatsine fuska. Inna ba ta iya ƙarya ba. Ta ce na nan ne, su ce to bari su zagayo, shi ke nan ba ta sake ganinsu.

Da abin ya kai ga tukunyar kowa, masu sana'ar bakin ruwa suka taru suka yi shawara. Aka samo durom babba, aka yanke kansa, aka kafa shi a tsakiyar fili don baƙi su riƙa zuba shara. Madalla. Sai aka zo wurin wanda zai gaya wa baƙin. Mai shayi ya dubi mai tsire, mai tsire ya dubi ƙasa. Inna ce ta faɗi abin da ke zuciyar kowa.

"Yo ni da bakina? Mutum ya taso tun daga birni, ya sha rana, ya zamna rumfata ya ci kihina, in dube shi in ce mishi Alhaji ɗauki ledarka? Haba! Da mi za ni dubin matarshi baɗi?"

Babu wanda ya gaya wa kowa. Baƙi suka ɗauka durom ɗin na ruwan wanke hannu ne, suka leƙa suka ga babu komai suka wuce. Mu ne dai muka riƙa sharewa muna cika shi bayan sun tafi. Da ya cika aka tsaya ana kallonsa. Babu motar da za ta zo ɗauka, ƙonawa kuma hayaƙin zai bi ta rumfunan abinci ya shiga gari. Kwana biyu yana nan ƙudaje sun yi masa rawani. Rana ta uku wasu ƙarti suka gangara da shi, suka tuntsurar a ruwa, suka ɗauraye shi tas suka mayar wurinsa. In na ba da wannan labarin mutane dariya suke yi. Ni ma nakan yi, sannan in ji kamar in yi kuka, don babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Kunya ce da karamci suka ci mu.

Na yi aure a Wurno, sai Sallah nake zuwa. Kowace zuwa motoci sun ragu, rumfuna sun ragu. Mai hoto ya tafi, masu tabarma suka tafi. Sannan maganar hanya ta zo ta ƙarasa abin da ya saura. Baba kuwa ya fara wani abu da bai gaya wa kowa dalilinsa ba. Da safe maimakon kifi sai ya riƙa jan komarsa a bakin gaɓa yana kwaso leda, ya cika jirgi, ya kai bayan tudu ya tara. Iska ta kwashe rabi ta mayar, gobe ya sake. Bai taɓa cewa ɗiyata kin yi gaskiya ba, ni ma ban so ya ce ba. Na dai lura ya daina maganar gulbin da ke ƙasa. Baƙin da ke zuwa jefi-jefi kuma sababbi ne, ba su san ƙwarya ba, suna da ruwansu a jaka, don haka ta daɗe a ɗaure babu mai tambayarta.

Ƙaramar Sallar bara ina rumfar Inna ina taya ta gyaran kifi, da hantsi, wata ƙaramar mota ta tsaya. Mace ta fito da 'yan mata ƙanana biyu, mijinta ya tsaya yana duba taya. Tana yin dariya na ga wushiryar. 'Yar Alhaji mai yadi ce. Muka rungume juna kamar da can ƙawaye ne. Ta ce mahaifinta ya rasu, kuma tun da ya rasu take mafarkin wurin nan. An hana ta zuwa saboda hanya, ta nace, suka fito da sassafe da niyyar komawa kafin azahar. Ta dubi bakin ruwan, na ga fuskarta ta sauya, amma 'yar mutunci ce, ba ta ce komai ba. Sai ta durƙusa har ƙasa ta gaida Baba.

"Baba, na kawo maka jikokinka. Kullum ina ba su labarin ƙwaryarka, har sun gaji da ji. Yau dai su sha da bakinsu."

Na dubi Baba, ya dubi ruwa. Ya ce to, bisimilla, su shigo. Na bi su don in riƙe ƙaramar.

Ya tuƙa mu muka ratsa ledar bakin gaɓa, tana nannaɗe filafilinsa yana kakkaɓewa. Muka kai tsakiya, inda ya saba tsayawa. Ya kwance ƙwaryar, igiyar har ta ƙage sai da ya sa haƙori. Ya kore saman ruwa, ya nutsa hannu, ya ɗebo. Yaran suka matso suna leƙe. Ruwan ya yi kore-kore, gindin ƙwaryar ba ya ganuwa. Ya zubar, ya ce a nan rana ta buge shi, bari mu ƙara gaba. Muka ƙara. Ya ɗebo, ya kai hanci, ya zubar. Babbar yarinyar ta ce, Mama yaushe za a ba mu? Uwar ta ce ta yi shiru.

Haka muka yi ta yi har muka kai tsakanin tudun nan biyu, bakin lungu. Daga nan kana hango babban ruwa, shuɗi, yana ƙyalli, iska tana tayar masa da ƙananan igiyoyin ruwa. Ba nisa. Na san in ya tuƙa kaɗan zai sami ruwan da zai iya miƙa wa kowa. Shi ma ya sani. Ya daɗe yana kallon wajen, filafili a kan cinyarsa. Ya waiwayo ya dubi yaran, ƙaramar ta riga ta miƙe tsaye ina jan rigarta. Sai ya sunkuya ya ɗebo a nan inda muke. Wani siririn maiƙo yana yawo a saman ƙwaryar, mai launi-launi. Ya yi bisimilla ya kurɓa, kamar yadda ya saba farawa. Bai haɗiye ba. Ya juya baya ya tofar.

"Ɗiyata," ya ce wa uwar yaran, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ki yi hanƙuri. Ba ni ba su wanga."

Ta ce, "Ba komai, Baba. Wallahi ba komai." Idonta ya cika. Don ta rufe wa yaran baki sai ta buɗe jaka ta fito da ruwan leda ta ba kowacce, har da ni, ta riƙe nata, ta miƙa wa Baba ɗaya da hannu biyu. Ya karɓa, don ba a mayar da hannun baƙo. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. A tsakiyar ruwan da ya ciyar da mu, baƙuwa ce ke shayar da ubana.

Ƙaramar ta tsotse nata tas, ta miƙa hannu gefen jirgi za ta saki ledar. Ni da uwar duk muka gani, babu wadda ta yi magana. Baba ne ya yi. Mutumin da ya shekara da shekaru bai taɓa ce wa baƙo ɗauki ko ajiye ba, ya miƙa mata ƙwaryar.

"A'a, jikata. Sa nan."

Ta saka. Yayarta ma ta saka, uwar ta saka, ni ma. Ya shanye nasa ya ɗora a kai. Kalma huɗu ce, kuma babu wanda ya ji haushi, yarinyar ma dariya ta yi. Abin da aka kasa faɗa ke nan tun ina yarinya, har aka rasa lungu ɗungurungum saboda shi. Da mun san haka sauƙinsa yake!

Muka dawo bakin gaɓa. Suka sayi kifi don kunya, ban sani ba ko sun ci. Motarsu na tashi, Inna ta zo ta karɓi ƙwaryar daga hannun Baba don ta wanke, kuma da yake hannu ya saba, sai ta juya wajen ruwa za ta kife abin da ke ciki. Ya riƙe mata hannu. Ya karɓe ƙwaryarsa, ya bar jirgin ko ɗaurewa bai yi ba, ya kama hanyar gida ina biye da shi. Ya tsaya a bakin durom ya wuce. Ya tsaya a bayan tudu, inda iska ke kwashe tarin ledarsa, ya wuce. Har muka shiga zaure yana riƙe da ita da hannu biyu, yadda yake miƙa wa baƙo, bai sami inda zai zubar ba.